Wa ya ce daji ba ya son ƙarfe?

Akwai wata magana da ke yawo a ƙasar Kurfai, daga Filinge zuwa Shikal, daga Luma zuwa Tunfalis, wadda ba a san wanda ya fara faɗinta ba, ba a kuma taɓa jin wanda ya tsaya ya nemi hujjarta ba. Cewa ake yi daji ba ya son ƙarfe. Ma'ana, idan ƙari ya fito wa mace a nono, aka yi zaton ciwon daji ne, to kada a yarda allura ta taɓa shi, balle wuƙar lokotoro. Wai da zarar ya ji ƙarfe sai ya fusata, ya bazu cikin jiki, ya kashe mai shi. Tsofaffi na faɗinta, matasa na maimaitawa, har waɗanda suka yi lakkal suka riƙe alƙalami a biro, in abin ya faɗo gidansu, sai ka ji suna faɗinta da murya ƙasa-ƙasa. Ni kuwa ina da'awar cewa cikin dukan maganganun da muka gada, da wuya a sami wadda ta kai wannan kai mata kushewa da sauran ƙarfinsu, suna barin ƴaƴa ƙanana a hannun kishiyoyi da kakanni. Maganar ƙarya ce, kuma ƙaryar da ta daɗe tana cin abinci a gidajenmu saboda akwai waɗanda take rufa wa asiri.

Mu fara da kalmar kanta, tunda sana'ata koyar da harshe ce. Mene ne Bahaushe ke kira daji? Kumburin da ya ƙi sacewa daji ne. Gyambon da ya ƙi warkewa daji ne. Marurun da ya yi zurfi ya hana barci, da ƙurjin da ke cin fata yana faɗaɗa, da nonon mai jego da ya sanƙare ya yi ruwa, duk a baki ɗaya daji ne. Sunan ma yana nuna inda muke ɗora laifin: can bayan gari, mazaunin iskoki, inda abin da ya fito ba na mutane ba ne, ba kuma na likita ba. Abin da Bature ke kira kansa kuwa, wanda wasu ke ce wa sankara, abu guda ne mai iyaka: tsokar jiki ce da ta fita daga ƙa'idarta, tana hayayyafa ba tsayawa, tana tura rassa cikin naman da ke kewaye da ita. Saboda waɗannan rassa ne magabata suka kamanta shi da ƙaguwa, kuma sunansa a Faransanci da Larabci duk daga sunan ƙaguwa ya samo asali. Mu mun zuba cututtuka goma cikin ƙwarya ɗaya mun ba su suna ɗaya, sa'an nan muna mamakin yadda maganin da ya yi wa wance bai yi wa wance ba.

A nan ne cinikin mai magani yake. Duk wani lokotoro zai gaya maka cewa mafi yawan ƙululun da ke fitowa a nono, da nisa ma, ba kansa ba ne. Akwai wanda ke fito wa ƴanmata, mai santsi, yana zillewa ƙarƙashin yatsa, ba ya cutar da kowa. Akwai mai ruwa a ciki wanda ke kumbura lokacin al'ada ya sace bayanta. Akwai na masu shayarwa, mai zafi da zazzaɓi, wanda ko dai ya fashe da kansa ko maganin ƙwayoyin cuta ya kwantar da shi cikin ƴan kwanaki. Idan irin waɗannan suka je hannun mai saiwa da turare, ya shafa abin da ya shafa, suka tafi don kansu, sai gari ya ɗauka cewa wane yana maganin daji. Idan kuwa na gaskiyar ne ya zo masa, ya yi wata shida yana karɓar awaki, abin ya fashe, sai ya ce an zo masa a makare, ko kuwa ya ce an riga an taɓa shi da ƙarfe a wani wuri. Ko ta ina aka juya shi ne da riba. Wanda bai taɓa faɗuwa jarrabawa ba saboda shi ke ba kansa maki, ba a kiransa gwani.

To, ina maganar ƙarfe ta samo gindin zama? Ai mutanenmu ba wawaye ba ne. Abin da suka gani da idonsu suke faɗi. Sun ga an ɗauki mace an kai ta Yamai, an yanke nonon, ta dawo gida, kafin damina ta zagayo an yi mata sutura. Sun ga haka ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. Abin da ba su lissafa ba shi ne tsawon lokacin da ciwon ya yi kafin a sa ta a mota. Kansar nono tana farawa ƙarama kamar ƙwayar gujiya, tauri gare ta, kuma, abin da ya fi yaudarar mutane, galibi ba ta zafi. Tun tana nan wuri guda, in an cire ta an cire ciwon. In aka bar ta, sai ta bi hanyoyin ruwan jiki ta sauka a hammata ta yi kaluluwa, daga nan ta shiga jini ta yi masauki a ƙashi, ko huhu, ko hanta. Likitoci sun kasa wannan tafiya mataki huɗu. Matar da aka kai a mataki na huɗu, nono ya fashe yana wari, baya na ciwo, numfashi na sarƙewa, aikin da za a yi mata na rage azaba ne da tsabtace gyambo, domin ɓarnar ta riga ta yi nisa inda wuƙa ba ta kaiwa. Idan ta cika, watannin da aka yi ana jira ne suka kashe ta. Amma watanni ba su da fuska, lokotoro kuwa yana da ita, sai a ɗora masa. Matar gaba da ta ji ƙululu a jikinta sai ta tuna wance da aka yanka ta mutu, ta ƙara ɓoyewa, ta ƙara makara, ita ma ta zama hujja ga ta bayanta. Haka maganar ke haifar da shaidunta da kanta.

Su kuwa waɗanda aka kai da wuri, aka yi musu aiki suka warke, suna nan cikinmu, suna daka, suna zuwa biki, sai dai ba sa shela. Wace mace ce za ta tsaya a dandali ta ce nono ɗaya gare ta? Gari yana ganin makara a kafaɗar maza, ba ya ganin tabon da ke ƙarƙashin zane.

Ga masu cewa wannan duk koyarwar Nasara ce, ina tunatar da su wani malami Musulmi, Abul Ƙasim Azzahrawi, likitan birnin Kurɗuba ta Andalus, wanda ya rasu wajen shekara ta 1013, ya kuma bar littafin Attasrif da Turai ta yi ɗaruruwan shekaru tana koyon fiɗa da shi. Da ya zo kan wannan ciwo, hukuncinsa kashi biyu ne: idan yana wurin da za a iya tumɓuke shi duka, kamar nono, kuma yana ƙarami bai daɗe ba, a cire shi; idan ya tsufa ya girma, a ƙyale shi, domin shi kansa bai taɓa warkar da irinsa ba. Shekara dubu ke nan da wannan bayani. Mu sai muka riƙe wutsiyar maganar muka yar da kanta. Muka riƙe "a ƙyale shi", muka manta da "tun yana ƙarami". Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, mun iya faɗin haka a kan tarbiyyar yara, amma ba mu iya faɗinsa a kan jikin uwayensu ba.

Kuma in da gaske ƙarfe ake tsoro, me ya sa ake kiran wanzami ya yi sakiya? Da me ake yin ta, da kara? Na san gidan da aka hana a kai mace gidan likita don gudun allura, amma aka bari aka soka mata ƙarfe mai zafi a nono har sau biyu, aka tsaga fata aka cusa gari. Uwar wani ɗalibina ce. Yaron ya bar aji ana saura wata biyu jarrabawar birbe, ya koma jan ruwa da kiwon ƙannensa. Ashe ƙarfen wanzami ba ƙarfe ba ne, na lokotoro kaɗai ne ƙarfe. Bambancin da ke tsakaninsu ba wuya a gane shi: na wanzami yana bayan gida kuma kaza ta biya shi, na lokotoro yana nisan kilomita wajen 180, sai an sayar da dabba.

Ga gaskiyar da muke kewayewa, ya ku ƴan'uwana maza. Duk lokacin da aka yi taro a kan wannan ciwo, mata ake tarawa, mata ake yi wa faɗa: ku daina jin kunya, ku daina ɓoyewa, ku riƙa duba jikinku. Kamar dai matar Kurfai tana da ikon ta ɗaura zanenta ta tari mota ta tafi Yamai ranar da ta ga dama. Wa ke ba da izinin fita? Wa ke riƙe da maɓallin rumbu? Wa ke da ikon kai rago kasuwar Balleyara ran Lahadi? Sau da yawa matar ta faɗa, tun da wuri ma. Ta faɗa wa uwarta, ta faɗa wa ƙawarta, ta faɗa wa maigidan cikin dare. Amsar da ta samu ita ce a bari a gani. In maigidan yana biɗa a Abijan ko Kwatano ko Libiya, sai a jira ya kira, in ya kira ya ce a tambayi wansa, wan ya ce ba ya yanke hukunci kan matar wani. "Daji ba ya son ƙarfe" magana ce mai daɗi a kunnen mai riƙe da aljihu, domin tana mai da rowa ta zama tausayi. Ba ya cewa ba ni son kashe kuɗi. Cewa yake ina jin tsoron kada su kashe mini ke.

Jiran kuwa yana da kalandarsa, kowa ya san ta. In ƙululun ya fito da bazara, a bari a yi shuka. In an yi shuka, a bari a gama noma, wa zai kai abinci gona? In an gama noma, a bari a yi girbi a sami na mota. In kaka ta yi, ga bikin ɗiya da aka riga aka sa rana, ga bashin da aka ci da rani. Sai azumi ya kama, a ce bayan Salla. Bayan ƙaramar Salla a ce bayan Layya. In tana goyo kuwa an sami babbar mafaka: nono ne ya kwanta, a bari ta yaye, yaye kuwa sai yaro ya kusa shekara biyu. Kowane uzuri shi kaɗai mai ma'ana ne, ba wanda za a kira mugunta. In aka jera su sai su tashi shekara ɗaya da rabi. Hukumar Lafiya ta Duniya, cikin shirin da ta ƙaddamar kan kansar nono a 2021, ta ce daga ranar da mace ta fara kai kukanta gidan likita zuwa ranar da za a tabbatar da abin da ke damunta kada a wuce kwana 60. Kwana sittin, bai kai tsawon damina ɗaya ba.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne ragon da aka ce babu, ranar da ta cika sai ya fito. A yi sadakar uku, a yi ta bakwai, a yi ta arba'in, a dafa shinkafa buhu-buhu, dangi su zo daga Yamai da Tawa cikin motocin da ba a samu ba lokacin da take kwance. Sai a zauna kan tabarma ana cewa kwana ne ya ƙare. Haƙiƙa kwana na hannun Allah, babu Musulmin da ke musun haka. Amma ban taɓa ganin makiyayin da saniyarsa ta azawak ta kwanta ya ce kwana ne, ya naɗe hannu ba. A ƙasar da ke da gidan kiwo na Tukunus, kowa ya san ƙofar likitan dabbobi, kuma ba a jiran girbi kafin a buga ta. Tawakkalin da ke aiki a kan mace ba ya aiki a kan saniya, wannan wane irin tawakkali ne?

Malamanmu sun san hukuncin sarai. Sun san addini ya yi umurni da neman magani, sun san malaman fiƙihu sun halatta wa likita ya duba abin da lalura ta sa a duba, ko da namiji ne in babu mace. Sun san haƙƙin da ke wuyan wanda aka ba amanar ɗiyar mutane. Amma huɗuba nawa muka ji a kan tsawon hijabi, nawa muka ji a kan mijin da ya bar matarsa tana ruɓewa a ɗaki? Kalmar nono ba ta fi ƙarfin mumbari ba. Littattafan da suke karantarwa a zaure cike suke da babin shayarwa da na haila da na wanka, ba a taɓa cewa an yi batsa ba.

Kunya fa? Akwai ta, ban musa ba. Mace ba ta buɗe ƙirjinta gaban baƙo da sauƙi, balle majo ɗan saurayi sa'an ɗanta. Akwai kuma tsoron da ya fi kunya nauyi, wanda ba a faɗi: in aka yanke, maigida zai juya baya, kishiya za ta samu abin habaici, wataƙila takardar saki ta biyo baya. Wannan tsoro ba daga iska ta ɗauko shi ba, ta ga an yi wa wasu. Saboda haka maganinsa ba ya hannunta, yana bakin mijin da zai ce mata ke nake aure, tashi mu tafi. Kada kuma wani ya gaya mini cewa matan ƙasar nan raunana ne da ba su iya magana. A 1925 wata mace ce ta Shikal, Shibo, ta tsaya gaban ƴan Babule da suka ƙi bin umurnin Nasara da na sarakunansa, har kumandan Crocicchia ya sa aka kwashe su aka kulle a Yamai. Ba yabon bori nake ba, tarihi nake tunawa. Jikokin matan da suka yi wa kumandan tsaye ba tsoron allura zai kayar da su ba, in dai an buɗe musu ƙofa.

Sai dai in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Wanda ya ce wa talaka tafi likita, wajibi ne ya faɗi abin da talakan zai tarar a can. Tun 2003 Yannick Jaffré da Jean-Pierre Olivier de Sardan suka fitar da littafin Une médecine inhospitalière, sakamakon bincike a manyan birane biyar na Afirka ta Yamma har da Yamai, inda suka bayyana abin da kowace baƙauya ta riga ta sani: tsawa, da wulaƙanci, da fifita mai sanayya, da barin mara lafiya ba bayani. Boka yana shimfiɗa mata tabarma, ya tambayi gida, ya saurare ta da harshenta. A wani gidan likitan kuwa ana rubuta mata takarda da Faransanci ba a ɗaga kai an dube ta ba. Akwai kuma jinkirin da ke faruwa bayan ta zo: a ba ta maganin ƙwayoyin cuta ta tafi, ta dawo a sake ba ta wani, wata uku ana abu guda ba wanda ya ce wannan ƙululun ya wuce nan, a tura ta gaba. Wannan jinkiri ba na miji ba ne, ba na boka ba, na masu farar riga ne. Ƙa'idar kuwa ba ta da wuya: kumburin nonon da magani bai kwantar ba cikin mako biyu, ko mai shi na shayarwa, a rubuta mata takardar zuwa babban asibiti.

Gwamnati ma tana da nata kason. A 2007, zamanin Tanja Mamadu, aka sa hannu kan dokar da ta ce maganin kansar mata kyauta ne a asibitocin gwamnati, bayan ta fiɗar haihuwa a 2005 da ta yara ƴan ƙasa da shekara biyar a 2006. Niyya ce mai kyau. Amma masu binciken cibiyar LASDEL ta Yamai sun nuna yadda tsarin kyautar ya yi ta tuntuɓe saboda baitulmali ba ya mayar wa asibitoci kuɗinsu kan lokaci, magani ya yanke, a koma rubuta wa mutane takardar farmasi. A 2024 hukumomi sun rage kuɗin ganin likita a asibitocin gwamnati, wannan ma sauƙi ne. Sai dai babu dokar da ke biyan kuɗin mota daga Filinge, babu wadda ke ciyar da mai jinya, babu wadda ke ba baƙuwa wurin kwana a Yamai tsawon watannin da ake yi ana ƙarin ruwan magani duk bayan mako uku. Wadda ke da ɗan'uwa a Bukoki ko Lazare ta tsira da mutuncinta. Wadda ba ta da kowa sai gindin bango. Ƙara da rashin tsaron da ya addabi arewacin jihar Tilaberi, wanda ya sa a farkon 2020 aka hana hawan babur, alhali babur shi ne motar asibitin ƙauye. Kuma abin kunya ne a tuna cewa ƙasar da aka fara haƙar uraniyom a Arlit tun 1971 ba ta sami na'urar gasa kansa da haske ba sai 2021, lokacin da aka buɗe sashen a Cibiyar Yaƙi da Kansa ta Ƙasa da taimakon Hukumar Makamashin Nukiliya ta Duniya. Shekara 50 muna haska gidajen wasu, masu hali na fita waje neman magani, marasa hali na komawa gida.

Duk wannan gaskiya ne, amma ba ya zama hujjar zama. Yau akwai abin da babu jiya. Akwai asibitin gunduma a Filinge inda za a fara dubawa. A Yamai akwai gidan haihuwa na Isaka Gazobi, da Babban Asibitin Ƙasa, da cibiyar kansa. Ana ɗaukar hoton nono, ana tsakuro ɗan nama da allura a duba shi a madubin likita, kuma wannan tsakure ba ya watsa ciwo ko kaɗan, shi ne kaɗai hanyar da ake sanin ko kansa ce ko ba ita ba. Sau da yawa ma amsar ita ce ba ita ba ce, mace ta koma gida da kwanciyar rai maimakon shekara guda tana kwana da fargaba. In ita ce, akwai fiɗa, wadda in an zo da wuri wani lokaci ƙarin kaɗai ake cirewa a bar nonon. Akwai ruwan magani, akwai haske, akwai ƙwayar tamoksifen da wasu ke sha kullum har shekara biyar. Hanyar da wuya, gashi na zubewa, jiki na laushi, aljihu na ramewa. Amma tana da mafita, hanyar turare kuwa ba ta da ita.

Alƙaluma sun isa shaida. A 2022 mata wajen miliyan 2.3 aka gano da wannan ciwo a duniya, wajen 670,000 suka mutu. A ƙasashe masu arziki fiye da 90 cikin 100 suna raye shekara biyar bayan an gano shi. Wani bincike da aka bi mata da shi a ƙasashe biyar na Afirka kudu da Sahara, aka buga a 2020, ya tarar rabinsu kaɗai ke raye bayan shekara uku, a Najeriya maƙwabciyarmu ma 36 cikin 100. Ciwon ɗaya ne a Paris da Filinge, kuma a can sun fi mu taɓa shi da ƙarfe nesa ba kusa ba. Da ƙarfe ke kisa, da matan Faransa sun ƙare. A nan Nijar, rajistar kansa da aka buɗe a Yamai tun 1992 ta nuna kansar nono ce kan gaba cikin kansar mata, kuma likitocinmu sun gaji da faɗin cewa mafi yawa suna iso musu a mataki na uku ko na huɗu. Da yawansu kuwa ba tsofaffi ba ne, ƴan shekara talatin da wani abu ne zuwa hamsin, ginshiƙan gida.

Kowace shekara in watan Oktoba ya kama, Yamai takan yi ado da ƙyalle ruwan hoda, a yi tattaki, a yi jawabi da Faransanci, a ɗauki hoto. Ban raina ba. Gidauniyar Tattali Iyali da ƙungiyoyi irinta sun sa an fara ambaton ciwon a fili. Amma Oktoba a Kurfai watan girbi ne, mata na gona suna ɗaurin dami, kuma ƙyalle ba ya magana da Hausa. Abin da ya kamata a ji a rediyon karkara, da bakin ungozoma, da bakin liman, ba ya da tsawo: ƙululu mai tauri ko da ba ya zafi, kan nono da ya shige ciki, jini ko ruwa da ke fita ba shayarwa ake ba, fatar da ta yi kamar ɓawon lemu ko ta lotsa, kaluluwa a hammata, gyambon da ya ƙi warkewa. Wadda ta ga ɗaya daga ciki, wannan makon za a kai ta, ba bayan girbi ba. A faɗa wa maza su ma abin na iya kama su, ko da yake da wuya, wajen ɗaya cikin ɗari. Wataƙila in sun ji haka su kasa kunne. Gidajen rediyon da ke sayar da lokaci ga masu tallar maganin daji, da masu lasifika a kasuwa, da masu tura murya ta WhatsApp suna rantsuwa sun warkar da ɗari, a tambaye su mace ɗaya tak da asibiti ya tabbatar tana da kansa kafin ta zo musu, ya kuma tabbatar ta rabu da ita bayan ta bar su.

Batun kuɗin mota kuwa bai fi ƙarfinmu ba. Ƙauyen da ke iya tara hatsi don gina masallaci, da ƴan ƙasar da ke Yamai masu asusun kai gawa gida, suna iya buɗe asusun kai mai rai asibiti. Fadar Mayaƙi da masu garuruwa, waɗanda ke tara magidanta don haraji da rigakafin dabbobi, suna iya tara su don wannan, a gaya musu a gaban juna cewa matar da ta nuna ƙululu ba ta jiran mijin da ke Abijan ya dawo. Wanda ke riƙe da gidan shi zai sa ta a mota, a yi lissafi daga baya. Ƴan ƙasar Kurfai mazauna babban birni kuwa, masu gidajen bene a Kwara Kano, ɗaki biyu da tabarmi da buhun hatsi kusa da asibiti sun ishi matan da ke zuwa ƙarin ruwan magani su daina kwana a gindin bango.